Me ya sa wasu gem da fina-finai ke barina da nauyi a ƙirji?

Wani matashi ya turo tambaya. Ya ce ya gama buga wani gem na yaƙi, sai da ya kwana biyu barci bai ɗauke shi yadda ya kamata ba, alhali abokinsa da suka buga tare dariya kawai yake yi. Ya ce wani anime ma, wato fim ɗin zane na Japan, ya sa shi zubar da hawaye a ɓoye. Amma idan yana kallon fina-finan sadaukai irin su Superman, gari guda zai ruguje a gabansa, shi ko gezau. Yana so ya san ko raunin zuciya ke damunsa, ko kuwa zuciyar ce ta fara ƙeƙashewa, kuma ko ya kamata ya daina gaba ɗaya.

Ƙanena, ka kwantar da hankalinka tukuna. Na shafe shekaru ina nazarin yadda labari ke aiki a zuciyar mai kallo, kuma ni kaina ina buga irin waɗannan wasanni tun ina ƙarami. Abin da ka siffanta alamar lafiya ce a wurina. Mutumin da gem ya hana shi barci saboda abin da hannunsa ya aikata a ciki, zuciyarsa tana nan da ranta. Sai dai tambayarka tana da sassa da yawa, kuma kalmar nan "duhu" da muke jefa wa komai ita ke rikita mu. Muna kiran gem mai yawan jini mai duhu, muna kiran fim ɗin da aka rage wa haske mai duhu, muna kiran labarin marayu biyu da yunwa ta kashe mai duhu. Ukun nan ba jinsi ɗaya ba ne, kuma ba wuri ɗaya suke taɓawa a jikin mutum ba.

Bari na fara da abin da ya fi ɗaure maka kai, wato garin da ke rugujewa ba ka ji komai ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Oregon a Amurka, Paul Slovic, ya daɗe yana bincike a kan wannan. Abin da ya gano shi ne tausayinmu ba ya ƙaruwa da ƙaruwar adadin waɗanda masifa ta shafa. Ya fi ƙarfi a kan mutum ɗaya mai suna da fuska, da zarar adadin ya hau sai ya fara dusashewa, har ya koma lissafi kawai. A fim ɗin Man of Steel na 2013, dogayen benaye sun yi ta zubewa na tsawon mintuna, amma kyamara tana sama tare da masu faɗan, ba ta sauko ta nuna maka wanda ke ƙarƙashin ɓaraguzan ba. Wa za ka tausaya wa? A Avengers: Infinity War na 2018 kuwa an shafe rabin halittun duniya a lokaci guda, amma ka tambayi waɗanda suka yi kuka a sinima, mafi yawansu za su ce maka yaron nan Spider-Man ne ya karya musu zuciya, lokacin da ya ƙanƙame ubangidansa yana roƙon kada ya tafi. Biliyoyin da suka ɓace ba su kai nauyin yaro ɗaya mai jin tsoro ba. Haka aka yi mu, kuma masu shirya fim sun san da haka sarai.

To ina batun gem? Nan ne nake so na daɗe, domin nan ne abin ya sha bamban da duk sauran hanyoyin ba da labari. Fim zai iya sa ka tsoro, ya sa ka kuka, ya sa ka fushi. Abu ɗaya ne ba zai iya ba: ba zai sa ka jin kai ne mai laifi ba, tun da zama kawai ka yi kana kallo. Gem kuwa yatsanka ne a kan maɓalli.

Karo na farko da na fahimci wannan da jikina shi ne a Shadow of the Colossus, wanda Fumito Ueda ya jagoranci ƙirƙirarsa ya fito a 2005. Saurayi ne ya kawo gawar wata yarinya wani kango, aka ce masa idan ya kashe wasu manyan halittu 16 za a dawo mata da rai. Ka hau dokinka, ka ratsa fili fetal babu kowa, ka samu dabbar da ta kai girman tsauni, ka kama gashinta ka hau, ka soka mata takobi. Da yawa daga cikinsu ba sa neman ka da faɗa sai ka tsokane su. Da ta faɗi, kana jiran kiɗan nasara irin wanda ka saba ji a kowane gem, sai ka ji wata waƙa mai kama da ta makoki. Sannan wasu baƙaƙen zaruruwa su fito daga gawar su soke saurayin, kuma a hankali kana ganin fatarsa tana dafewa, kamanninsa suna lalacewa. A kan ta huɗu ko ta biyar na ajiye abin bugawar na yi shiru. Babu wanda ya ce mini na yi ba daidai ba, babu rubutu a allo, amma na sani. Kuma na ci gaba har na gama, wannan ci gaban shi ne ya fi tsaya mini a rai daga baya.

Akwai wanda ya fi wannan tsanani. Spec Ops: The Line, da wani kamfanin Jamus ya fitar a 2012, ya fara kamar kowane gem na harbi, sojojin Amurka a Dubai bayan guguwar rairayi ta binne birnin. A tsakiyarsa an ba ka damar jefa wani sinadari mai ƙona fata har ƙashi a kan sansanin abokan gaba. Kana aunawa ta wani ƙaramin allo daga sama, mutane sun zama fararen ɗigo, kana dannawa suna ɓacewa, har kana jin daɗin yadda abin ya zo da sauƙi. Bayan nan gem ɗin ya tilasta maka ka taka da ƙafa ta cikin wurin, ka ga cewa wasu daga cikin ɗigon nan fararen hula ne, har da uwa rungume da 'yarta. Mutane da yawa sun fusata, suna cewa ai ba a ba su zaɓi ba. Suna da hujja. Amma ni ina ganin fushin nan ma shaida ce cewa abin ya shiga, domin ba ka neman wanke kanka daga laifin da ba ka ji ya shafe ka ba.

This War of Mine na 2014, daga wani kamfani a Folan, ya ɗauko tushensa daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo na Bosniya tsakanin 1992 da 1996. A nan ba soja kake ba, fararen hula kake kula da su a wani rusasshen gida. Dare ya yi, magani ya ƙare, ɗayanku na kwance. Akwai gidan wasu tsofaffi biyu da ba za su iya hana ka komai ba. Idan ka kwashe musu, mutanenka za su rayu, amma za su dawo gida da baƙin ciki, wani ya kasa tashi aiki washegari. A 2020 gwamnatin Folan ta sanar da sa shi cikin jerin abubuwan da ake ba ɗaliban sakandare shawarar nazarta, kamar yadda ake sa littafi. Idan irin wannan ne ya hana ka barci, to ya yi aikin da aka ƙera shi domin ya yi, kai kuma ka karɓi saƙon.

Abokinka mai dariya fa? Kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Mutane biyu za su zauna a gaban allo ɗaya amma wasa biyu suke bugawa. Wani yana cikin labari, wani yana cikin lissafi: harsashi nawa ya rage, ta ina zan ɓulla, yaya zan wuce wannan mataki. Ga mai lissafi, mutanen da ke cikin allo tamkar 'ya'yan dara ne, kuma wannan ba mugunta ba ce, wurin da hankalinsa ya karkata ke nan. Sannan dariya kanta sau da yawa garkuwa ce. Na sha ganin samari sun tuntsire da dariya daidai wurin da labari ya fi ciwo, musamman idan akwai idon abokai, domin dariyar ta fi musu sauƙi a kan a ga idonsu ya kawo ruwa. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, amma fuskar saurayi a gaban abokinsa ba kullum take faɗin gaskiya ba.

Akwai kuma ɓangaren jiki, wanda ba ya buƙatar dogon bayani. Lokacin da wani abu ya zaburo maka a allo, sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari yana amsawa kafin sashen tunani ya ce ai wasa ne. Zuciya ta ƙara bugu, tafin hannu ya jiƙe, sinadaran shirin gudu ko faɗa su kwarara a jini, kuma ba sa janyewa nan take don ka kashe na'ura. Wanda ya buga irin wannan har ƙarfe ɗayan dare sannan ya kwanta, jikinsa yana filin daga tukuna. Masu bincike a Jami'ar Aarhus ta Denmak sun ɗaura wa mutum fiye da 100 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan tsoratarwa na nishaɗi, sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna daɗin tsoro yana da iyaka: idan ya yi kaɗan gundura ce, idan ya wuce kima daɗin ya gudu, a tsakiya ake jin daɗinsa. Tsakiyar kowa daban take. Taka ba sai ta yi daidai da ta abokinka ba. Wani masanin, Paul Rozin, ya bayyana dalilin da ya sa muke neman irin wannan wahala da kanmu: jiki na ihun akwai haɗari, hankali kuma ya san babu, wannan tazarar da ke tsakaninsu ita ce daɗin. Da zarar tazarar ta rufe, misali labarin ya yi kama da wani rashi da ka yi kwanan nan, sai daɗin ya ƙare ciwon ya zauna.

Na koma kan fina-finan sadaukai, domin a nan ina da ƙorafi. Superman ya fara fitowa a mujallar zane a 1938, Batman a 1939. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora wa irin waɗannan mujallu alhakin lalacewar yara, majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan batun, kamfanonin suka tsorata suka kafa wa kansu dokoki, ciki har da cewa dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari. Shekaru da yawa bayan haka wata mai bincike ta duba takardun likitan ta gano ya murɗe wasu bayanan da ya dogara da su. Amma dokar ta riga ta yi aikinta, sadaukai suka zama tsarkakakku marasa tabo na tsawon lokaci. A 1986 sai aka yi juyi, aka fitar da mujallun zane na Watchmen da The Dark Knight Returns, waɗanda suka tambayi abin da aka daɗe ana kauce wa: wane irin mutum ne zai rufe fuska ya fita da dare yana dukan mutane, kuma wa ya ba shi izini? Tambaya ce mai kyau. Matsalar ita ce waɗanda suka biyo baya da yawa launin suka kwafa suka bar tambayar. Suka rage haske, suka hana jarumi murmushi, suka ƙara karyewar ƙashi, suka ce ga labarin manya. Shi kansa marubucin Watchmen, Alan Moore, ya sha nuna takaicinsa a kan wannan gado.

Saboda haka idan ka kalli irin waɗannan ba ka ji komai ba, sau da yawa babu abin ji ne a ciki. Ka gwada da wanda ke da shi. A The Dark Knight na 2008 akwai jiragen ruwa biyu, ɗaya cike da fursunoni ɗaya da mutanen gari, an ɗaura wa kowanne bam, an ba kowane ɓangare maɓallin tarwatsa ɗayan. Babu jini a wurin ko ɗigo, amma numfashi ɗaukewa yake yi, domin kana tambayar kanka me za ka yi. Kuma fursuna ne ya karɓi maɓallin ya wurga shi ta taga. Logan na 2017 kuwa, duk da yawan sara da sukan da ke ciki, abin da ke tsaya wa mutum shi ne sadaukin da ƙarfinsa ya fara ƙarewa yana ɗaukar tsohon malaminsa da ƙwaƙwalwarsa ta fara rikicewa, yana ba shi magani, yana kai shi makewayi. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho zai gane wannan gajiya mai haɗe da ƙauna.

Wanda nake taka-tsantsan da shi shi ne nau'in da ke mayar da bos abin sha'awa. Joker na 2019 ya tara fiye da dala biliyan 1, Joaquin Phoenix ya ci Oscar da shi, kuma wasan da ya yi ya cancanta. Fim ɗin ya nuna gaskiya a kan yadda ake watsar da marar lafiyar ƙwaƙwalwa idan ba shi da galihu. Amma na yi hira da samari da dama da abin da suka ɗauko daga ciki shi ne rawar da Joker ya yi a kan matakala bayan ya fara kisa, suka mayar da hotonsa fuskar shafukansu, suna cewa duniya ce ta mayar da shi haka. Ban ce fim zai sa su kisa ba, ko kusa. Abin da nake tsoro ya fi wannan ƙanƙanta kuma ya fi yawa: saurayin da ke jin an raina shi ya samu labarin da ke gaya masa cewa ɗacin ransa ado ne, sai ya daina neman hanyar fita daga ciki. Idan ka kalli irin wannan ka fito kana tausayin mutumin kuma kana ƙyamar abin da ya zama, ka kalle shi daidai. Idan ka fito kana jin kowa maƙiyinka ne, ka tsaya ka tambayi kanka abin da ya riga fim ɗin zama a ranka.

Anime kuwa ta bayan gida yake shigo wa mutum. Mun taso da tunanin cewa zane na yara ne, sai mu zauna babu shiri. A Japan ba haka abin yake ba, tun daga mujallun zanensu an raba na yara maza masu tasowa, na 'yan mata, da na manya, kuma na manyan ba ya jin kunyar taɓa yaƙi, kisan kai ko taɓin hankali. Grave of the Fireflies, wanda Isao Takahata ya shirya a 1988, ya buɗe ne da mutuwar yaron da ke ba da labarin a tashar jirgin ƙasa a watan Satumban 1945. Tun minti na farko ka san shi da ƙanwarsa 'yar shekara 4 ba za su tsira ba bayan ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Kobe. Duk da haka kana zaune kana fatan ko za a canza. Marubucin ainihin labarin, Akiyuki Nosaka, ƙanwarsa ta mutu da yunwa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya rubuta shi ne kamar neman gafara a wurinta. Na kalle shi sau ɗaya, shekaru da yawa ke nan, ban sake ba, kuma ban manta ko wuri ɗaya a ciki ba. Wanda ya yi kuka a kan wannan, a kan yara na gaske ya yi, ko da zane ne ya isar masa da labarinsu.

Akwai dalilai biyu da ke sa zane ya fi shiga a wasu lokuta. Fuskar ɗan wasa ta wani ce, ka san shi, ka san zai wanke kwalliya ya tafi gida. Fuskar zane 'yan layuka ne da manyan idanu, sauran kai kake cikawa, kuma da fuskokin da ka sani kake cikawa, ƙanwarka, abokinka, kai kanka. Na biyu shi ne tsawon zama. Fim awa biyu ne. Anime mai dogon zango Attack on Titan an fara nuna shi a 2013 aka kammala a 2023, wanda ya fara yana ɗan shekara 14 ya gama yana 24. Ya girma tare da jarumin, ya ɗauki fushinsa a matsayin nasa, sannan labarin ya juya ya nuna masa inda wannan fushi ke kai mutum idan babu mai taka masa burki, kuma cewa abokan gaban da ke wajen katangar da ta kewaye ƙasarsu su ma mutane ne masu 'ya'ya. Tun 1956 wasu masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi bayanin irin shaƙuwar da mai kallo ke yi da wanda yake gani a allo kullum, shaƙuwa ta ɓangare ɗaya amma mai zafi kamar ta gaske. Rabuwa da irin wannan tana da ɗan makokinta, kwana biyu ko uku na jin gida ya yi fanko. Yana wucewa.

Kada kuma ka ɗauka duk mai son labari mai duhu wahala yake nema. Sau da yawa abokin zama yake nema. Hideaki Anno ya faɗa da bakinsa cewa daga cikin shekarun ciwon damuwa ya fito da anime ɗinsa Neon Genesis Evangelion a 1995, shi ya sa yaron da ke cikinsa ba ya son zama jarumi, so yake kawai mahaifinsa ya dube shi. Gem ɗin Dark Souls na 2011 duniya ce da wutarta ke mutuwa, za a kashe ka sau ɗari a wuri ɗaya, amma mutane masu yawa da suka yi fama da damuwa sun rubuta cewa shi ya riƙe su. A cikin wannan duniya wanda ya fid da rai ne ke zama fanko ya rasa hankalinsa, mutuwa kuwa komawa ce kawai bakin wuta a sake gwadawa, kuma a ƙasa kana tarar da 'yan saƙonnin da wasu masu bugawa suka bari, waɗanda ba ka san su ba, suna nuna maka tarko ko suna ƙarfafa maka gwiwa. Masu gem ɗin Hellblade na 2017 sun zauna da Farfesa Paul Fletcher na Jami'ar Kambirij da kuma mutanen da ke jin muryoyi a kansu, suka tsara sautin yadda idan ka sa abin ji a kunne za ka ji raɗa tana zagaye ka ta ko'ina. Wasu iyalai ta nan suka fara fahimtar abin da ɗan'uwansu ke faɗa musu shekara da shekaru. Ga wanda ke cikin rami, labarin da komai ke tafiya daidai yana iya ƙara masa kaɗaici, wanda ya sauko ramin tare da shi ne ke sa ya ji an san da shi.

Game da tsoronka na ƙeƙashewar zuciya, ga abin da bincike ya tsaya a kai. Tun 1993 majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan gem ɗin faɗa na Mortal Kombat, abin da ya haifar da hukumar sa wa gem alamar shekaru a 1994, Turai kuma ta kafa tata a 2003, mai lambobin 3, 7, 12, 16 da 18 da kake gani a jikin kwali. An yi ɗaruruwan bincike tun daga nan, masana kuma ba su haɗu a kan komai ba. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Oksfod sun duba matasa kusan 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka tambayi iyayensu ko masu riƙonsu halinsu maimakon dogaro da bakin yaran kaɗai, ba su samu alaƙa tsakanin buga gem mai faɗa da yawan faɗa a zahiri ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce akwai 'yar alaƙa ƙarama da abubuwa irin su tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar danganta gem da aikata ta'asa. Sabo da ganin jini a allo yana faruwa, na goma ba ya girgiza ka kamar na farko. Ma'aunin da ya fi muhimmanci yana wajen allo: idan ƙaninka ya faɗi ya fasa baki, kana zabura? Idan ka ji labarin rasuwa, jikinka na yin sanyi? In haka ne, zuciyarka lafiya lau take.

Inda zan so ka sa ido shi ne tsawon nauyin da kuma abin da yake hana ka. Kwana biyu na juyayi bayan labari mai ƙarfi ba komai ba ne. Amma idan mako biyu sun wuce hoton na dawo maka ba ka kira shi ba, mafarkai sun ƙi ƙarewa, ko ka lura kana komawa ga abu mafi muni ne domin kawai ka ji wani abu saboda komai ya daina yi maka daɗi, to ba gem ɗin ne asalin matsalar ba, ya dai tono ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar buga gem cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma ba da yawan awanni ta auna ba. Ta auna da kasa tsayawa, da fifita gem a kan sauran rayuwa, da ci gaba duk da ɓarnar da ake gani a karatu, aiki ko zumunci, yawanci na tsawon wata 12. Idan kuma wani labari ya taso maka da tunanin cutar da kanka, ka ajiye shi a ranar, ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi, ka ga likita. Wannan ba abin jira ba ne.

Ban ga dalilin da zai sa ka daina ba. Ka dai bar awa ɗaya ko biyu tsakanin irin waɗannan da kwanciya, ka duba alamar shekaru da gargaɗin da ke jiki kafin ka fara, musamman idan ƙannenka na zaune a gefe, domin yaro ɗan shekara 8 ba shi da tazarar nan da kake da ita tsakanin jiki da hankali. Idan kana cikin makon rashi ko ɓacin rai, ka ɗage mai nauyin zuwa wani lokaci, zai jira ka. Kuma ba dole ba ne ka ƙarasa duk abin da ka fara, ni ma akwai gem biyu da na bari a tsakiya har yau, kuma ina girmama waɗanda suka yi su.

Shi kuma abokin naka, ka same shi ku biyu kawai, babu sauran abokai, ka ce masa wurin nan da muka buga ya hana ni barci, kai wane wuri ne ya tsaya maka? Ka ba shi lokaci kafin ya amsa.